Sito a gida, makulli a ƙetare: mi ya hana bankunanmu komawa ga girgijen cikin gida?

Ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, azumi huɗu a baki, wajen ƙarfe huɗu na yamma ina zaune a shagon kawuna cikin Tsohuwar Kasuwa, irin lokacin nan da rana ta gama gasa kowa, mai sayen sukari da mai sayen gero duk sun cunkushe a baki kowa na son ya kai gida kafin a sha ruwa. Wani bawan Allah ya sa an fitar mashi da buhun sukari da katan biyu na madara, har an ɗaure a bayan mashin, ya ciro waya zai tura kuɗi, manhajar bankin sai juyawa take yi kamar fanka, ya bari ya gwada lambobin nan da ake dannawa masu farawa da tauraro, nan ma shiru, aka aiki yaro wajen mai POS na bakin layi ya dawo ya ce mutumin ya kife na'urar a kan tebur ya ce yau sai haƙuri. Kawu ya ɗago ya dube ni, da yake ni ake ma kallon ɗan bokon gidan, ya ce "kai ɗana, wai kuɗɗin ga ba nan Sakkwato mutane ka kai su banki ba? To ina sunka tahi da za a ce ba su samuwa?"

Wallahi ban da amsa a lokacin. Sai bayan asham na kira ƙanena, ɗan gwaggona, da ke aiki a sashen kwamfuta na wani banki a Legas, ya ɗauka muryarshi a shaƙe kamar wanda bai yi buɗa-baki ba, ya ce Yaya ka bari kawai, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku ne sunka katse. Guda huɗu a rana ɗaya, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, can gaɓar tekun Kodebuwa. Na ce to mi ya haɗa teku da kuɗin sukarin Kawu, ya yi dariya ya ce kuɗin suna nan, lissafinsu ma yana nan Najeriya, ƙofar da ake bi a kai gare su ce take waje.

Wagga magana ta daɗe tana min yawo a kai, kuma tun daga ranar duk sanda na ji masana na cewa a dawo da bayanan bankuna gida, a daina kai su girgijen Turawa, sai in ji rabin zuciyata ta yarda ɗaya rabin kuma tana cewa tsaya tukuna.

Bari in fara da girgijen shi kanshi, abin da ma'aikatan ke kira kilawud, don sunan yana ruɗa mutane, wasu na zaton wani abu ne a sama. Babu wani sama. Kuɗin da ke asusunka ba takardu ba ne da anka ɗaure da roba anka rubuta sunanka, layi ɗaya ne na rubutu a cikin wata babbar kwamfuta da ake kira saba. Sabar nan tana buƙatar ɗaki, da wuta wadda ba ta ƙiftawa, da sanyi dare da rana, da masu gadi, da injiniya da zai tashi ƙarfe biyun dare in ta yi tari. Banki na iya gina wanga ɗaki da kanshi, kamar ɗan kasuwar da ya gina sitonshi a bayan gida ya ɗauki maigadi. Yana iya sayen sabar ya kai ta ajiya a ginin wani kamfani da ya ƙware a harkar. Ko kuma kada ya sayi komi, ya kama haya a kwamfutocin wani babban kamfani, ya biya gwargwadon abin da ya yi amfani da shi, yau buhu goma gobe buhu dubu, ba ruwanshi da rufin ya yi yoyo ko maigadi ya yi barci. Wanga na ukun shi ne girgije.

Manyan bankunanmu galibi babban littafin lissafin, wanda ke cewa wane na da kaza wane na da kaza, suna riƙe da shi a nan cikin ƙasa. Amma abubuwan da ke kewaye da shi, manhajar waya, imel na ma'aikata, abin da ke tantance cewa kai ne ba ɓarawo ba, abin da ke lura da hada-hadar da ba a yarda da ita ba, da yawansu hayar girgijen Microsoft ko Amazon ko Google ne. Su kuwa ƙananan kamfanonin kuɗi na zamani, irin waɗanda sunka cika kasuwanninmu da POS, da yawa daga cikinsu a girgijen anka haife su tun farko. Kuma waɗannan manyan ukun da sunka tashi kafa manyan cibiyoyinsu a Afirka ba nan sunka zo ba, Microsoft ta buɗe nata a Afirka ta Kudu a 2019, Amazon a Cape Town a 2020, Google a Johannesburg a 2024, abin da Amazon ta kawo Legas a 2023 ɗan ƙaramin reshe ne. Kenan sai ka danna waya a unguwar Mabera nan Sakkwato, saƙon ya gangara Legas, ya shiga teku, ya je Turai ko Afirka ta Kudu a duba a ce e shi ne, sannan ya dawo ya buɗe ma sito da ke Legas. In teku ta yi gardama sito na nan, kaya na nan, makulli ne babu.

To dalilan masu cewa a dawo gida ba na banza ba ne. Na farko shi ne wanda munka gani ranar nan. Na biyu kuma, wanda a ganina shi ne ainihin abin da ya tada maganar ba kishin ƙasa ba, dala ce. A watan Mayun 2023 dala a hukumance tana wajen naira 460, anka saki naira a watan Yuni, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Ka ɗauki misali kawai, bankin da ke biyan hayar dala 100,000 a wata, da naira miliyan 46 ce, ya wayi gari tana neman miliyan 150, bai ƙara kwastoma ko ɗaya ba, bai ƙara saba ko ɗaya ba, kuma shi naira yake samu daga hannunmu. Ƙanena ya ce a wancan lokacin duk taron da anka shiga maganar ɗaya ce, wace manhaja za a kashe, wane kwafi za a goge. Sai na uku, doka. Tun 2011 Babban Banki ya ce cinikin kati na cikin gida kada a fitar da shi waje a juya shi a dawo, hukumar NITDA mai kula da fasahar sadarwar zamani ta fitar da ƙa'idojin 2013 da ke neman a ajiye bayanan gwamnati da na masu hulɗa a cikin ƙasa, ta biyo da manufar girgije a 2019, sannan a Yunin 2023 anka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a. Ita wagga ta ƙarshen ba ta hana fitar da bayanai waje kwata-kwata ba, sharuɗɗa ta gindaya, sai an tabbatar inda za a kai su akwai kariya. A ɗaya gefen kuma Amurka na da dokar da ta yi a 2018 wadda ta ba hukumominta damar neman bayanai daga hannun kamfanin Amurka ko a wace ƙasa ya ajiye su. Duk wanda ya ji wannan zai ce to mi ake jira.

Kuma ba wai babu wuraren ba ne. Akwai Rack Centre a Ikeja, akwai MDXi ta MainOne a Lekki, akwai Galaxy Backbone ta gwamnatin tarayya da anka kafa tun 2006, akwai irin su Layer3 a Abuja da ke sayar da girgije da naira, ga MTN ma a Yulin 2025 ta buɗe babbar cibiya a Legas tana tallar nata. To ina matsalar take?

Ta farko kowa ya san ta tun kafin in faɗa, wuta. Amma ba irin sanin da munka yi mata ba na a ɗauke a kawo a yi ihun NEPA. Ita cibiyar bayanai ana auna ta da matakai, wadda ake ce ma mataki na uku lissafin da anka saba danganta mata shi ne kada tsayawarta a shekara gaba ɗaya ta wuce kamar awa ɗaya da rabi, mataki na huɗu kuwa ko rabin awa ba a yarda ya kai ba. A shekara fa, ba a rana ba. Yanzu ka ɗora wannan a kan ƙasar da mutum sama da miliyan 200 ke rabon megawat 4,000 zuwa 5,000, babban layin wuta na ƙasa ya faɗi a 2024 har mutane sunka gaji da ƙirgawa, a Oktoban shekarar jihohin Arewa da dama sunka kwashe fiye da sati a duhu. Don haka duk mai cibiya a nan dole ya zama kamfanin wutar kanshi, janareta da na jiran janareta da na jiran na jiran, ga batura, ga tankin dizal, wasu har tashar gas suke kafawa. Litar dizal ta daɗe da haura naira 1,000, masu layin da ake ce ma Band A, wato waɗanda ake ba wuta mafi tsawon lokaci, kuma a Afrilun 2024 anka ɗaga masu kuɗin wuta daga wajen naira 68 zuwa 225 a kowane yunit. Sannan ga sanyaya na'urori, don saba zafi take fitarwa kamar tanderun mai burodi, kuma kuɗin esi kaɗai babban kaso ne na abin da cibiya ke ci. Na taɓa raya ma raina cewa ai da an gina ɗaya nan Sakkwato tunda fili gare mu da rana ta sola, sai na tuna watan Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40 har waya a aljihu tana rubuto ma cewa ta yi zafi ta kashe kanta, ga ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina, na ce to a dai yi a hankali. Su Amazon suna zaɓen wuri mai sanyi da wuta mai arha su gina abu ɗaya da ya fi duk namu a haɗe girma, dole nasu ya fi sauƙi a kowane awo.

Daga nan sai ka gane cewa maganar "mu da naira ake biyan mu" gaskiya ce amma ba duka ba ce. Rasit ɗin ne da naira. Sabar da ke cikin ɗakin daga waje anka shigo da ita, janareta daga waje, batura daga waje, lasisin manhajar da ke tafiyar da girgijen shi kanshi sau da yawa da dala ake sabunta shi duk shekara. Dalar tana nan kwance a ƙarƙashin nairar, in ta motsa ba a ranar za ka ji ba, sai lokacin sabunta kwangila ya zo a turo ma sabon farashi da wasiƙar ban haƙuri. Akwai amfani duk da haka, aƙalla banki ba zai shiga layin neman dala duk wata ba, kuma ya san abin da zai biya har shekara. Amma ko wannan ɗin Amazon ta rage mashi armashi, don a Janairun 2025 ta sanar cewa ta fara karɓar naira.

Sai kuma wata tambaya da ban cika jin ana yi ba, wai shi "na gida" ɗin mi ake nufi da shi? MainOne wadda Funke Opeke ta kafa, ta jawo waya mai tsawon kilomita 7,000 daga Fotugal zuwa Legas a 2010, abin alfahari ne ƙwarai, amma kamfanin Equinix na Amurka ya saye ta a kan dala miliyan 320, cinikin ya kammala a 2022. Rack Centre kamfanin zuba jari na Actis daga Ingila ya sayi mafi yawan hannun jarinta a 2020. MTN uwarta na Afirka ta Kudu. Ban ce laifi ba ne, kuɗin gina irin waɗannan wurare ba a aljihun kowa yake ba, kuma gini a Lekki ya fi gini a Dublin ta ƙasar Ayalan ga wanda ke tsoron katsewar wayar teku. Amma in manufar ita ce riba ta zauna a gida da iko ya zauna a gida, to a san cewa ƙasar da ginin yake a kanta daban, mai ginin daban.

Yanzu ga inda ƙanena ya fi daɗewa yana min bayani har kati na ya ƙare ya kira ni da nashi. Ya ce Yaya mutane na zaton girgije fili ne kawai na zuba kaya, a kwashe daga wancan sito a zuba a wannan. Ba haka ba ne. Manyan nan ba wuri kaɗai suke ba ka ba, kayan aiki ne ɗaruruwa a shirye, rumbun bayanai da ke gyara kanshi, abin kama ɓarayi, abin da ke ƙara ma ƙarfi da kanshi ranar da albashi ya shiga kowa ya afka ma manhaja lokaci ɗaya ko jajibirin sallah da ake sayen raguna a Kara, in hayaniya ta lafa ya rage. Masu rubuta manhajar bankin sun yi shekaru suna gini a kan waɗannan kayan, kamar wanda ya gina gida ya jingina katangarshi da ta maƙwabci. Ranar da ka ce a tashi, ba kaya za a kwasa ba, rushewa za a yi a sake gini, kuma na gida da yawa abin da suke da shi sabar haya ce da wurin ajiya, sauran sai ka haɗa da hannunka. Ita kuma babbar manhajar lissafin, mafi yawan bankunanmu ta waje suke amfani da ita, Finacle ta Infosys ta Indiya, Flexcube ta Oracle, T24 ta Temenos ta Suwizalan, kuma masu su suna da jerin irin wuraren da sunka yarda a ɗora ta a kai, in ka kai ta wani wurin da ba su sani ba ta samu matsala sai su ce ba ruwansu.

Kuma mun ga yadda taɓa wagga manhaja yake. A 2024 bankuna da dama sunka yi sauyi kusan a jere, GTBank ya koma Finacle, Zenith ya koma Flexcube, Sterling kuma ya yi abin da ya burge ni, ya koma wata da anka ƙera a nan gida mai suna SeaBaaS. Duk wanda ke da waya a wancan lokacin ya ga koke-koken jama'a a Facebook da X. Wannan fa sauyin da anka daɗe ana shiryawa ne, da kuɗi da ƙwararru. To shugaban bankin da ya ga haka, ka zo ka ce mashi ya sake kwasar kayanshi ya kai wani sabon wuri da bai taɓa ɗaukar nauyi irin nashi ba, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma ai sai ya yi tsalle. Ga shi kuma a Maris ɗin 2024 Babban Banki ya ce su ƙara jari, naira biliyan 500 ga masu lasisin ƙasa da ƙasa, 200 ga na ƙasa, wa'adi ƙarshen Maris 2026, hankalin kowa ya koma can.

A nan ne nake ganin ana zaluntar ma'aikatan banki in an ce masu ba su da kishi. Ka sa kanka a matsayin shugaban sashen kwamfuta. In ka ɗora a kan Microsoft ta faɗi, duniya duka ta gani, za a ce ƙaddara ce, kamar ranar 19 ga Yulin 2024 da kuskuren manhajar CrowdStrike ya tsayar da kwamfutoci miliyoyi har jirage sunka kasa tashi, ko 20 ga Oktoban 2025 da wata babbar cibiyar Amazon a Amurka ta samu matsala ta ja manhajoji da yawa ƙasa. Ba wanda zai kore ka. Amma in kai ne ka tsaya a gaban hukumar gudanarwa ka ce a ba wani kamfanin gida, ya faɗi na awa shida ranar Juma'a, tambayar farko ita ce nawa anka ba ka, ta biyu ɗan uwanka ne? Kuma akwai tsoron da ba a faɗa da ƙarfi, kamfanin in ya durƙushe fa? Banki in ya mutu akwai NDIC, hukumar inshorar kuɗin ajiya, mun gani da anka soke lasisin bankin Heritage a Yunin 2024 ta fito tana biyan masu ajiya har naira miliyan 5. Kamfanin girgije in ya kasa biyan kuɗin dizal ko mai gida ya kulle gini, wa zai fito ya biya ka bayananka? Takardun shaida irin ISO 27001 da PCI DSS da odita ke nema, manyan cibiyoyinmu suna da su, amma takarda daban, shekara goma ana aiki ba a ji kanka ba daban, kuma ba za ka samu shekarun ba sai wani ya fara yarda da kai, shi kuma ba zai yarda ba sai ya ga shekarun. A nan abin ya cije.

Har wa yau akwai masu cewa bayanai a gida sun fi tsaro. Ni ban gamsu da wannan kai tsaye ba. Wanda ya taɓa samun kiran ɗan damfara yana karanto mashi cikakken sunanshi da ranar haihuwa da lambar BVN ya san cewa ba daga Amurka anka samo su ba, bango ne ya tsage a nan kusa.

Amma fa kada a ɗauka ina cewa ba za mu iya ba. NIBSS, cibiyar da ke haɗa hada-hadar kuɗi tsakanin bankuna, ta bankuna da Babban Banki ce, a nan take, ta fara tura kuɗi nan take tsakanin bankuna tun 2011, alhali babban bankin Amurka sai Yulin 2023 ya ƙaddamar da irin nashi. BVN tun 2014 take aiki. In an sa kai ana yi. Abin da nake tsoro shi ne a yi shi da sanarwa da wa'adi irin na canjin kuɗi, kowa ya tuna farkon 2023, anka janye takardun kuɗi anka ce kowa ya koma waya alhali na'urorin bankuna ba su shirya ɗaukar wanga nauyi ba, munka kwana a layin ATM, mata masu awara da masu nono sunka rasa ciniki, sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Maris. Irin wannan in anka yi da bayanan banki abin zai fi muni. Ni da za a ji tawa, gwamnati ta fara kwashe nata kayan kaf ta kai wuraren gida ta biya kuɗin haya a kan kari, don su samu abin girma da shi, bankuna kuma a fara da kwafin ajiya da abubuwan da in sun tsaya na awa ɗaya ba wanda zai kwana da yunwa, a ga kamun ludayinsu shekara biyu uku.

To amma ni ɗan Sakkwato, ga inda abin ya fi ci min rai. Duk wanga "gida" da ake ta faɗi, Legas ake nufi. Wayoyin teku galibi can suke sauka, har da Equiano ta Google da ta iso a 2022, cibiyoyin kusan duk can suke, hedikwatocin mafi yawan bankuna can. Daga nan zuwa can sama da kilomita 1,000 ne, kuma wayar faiba da ke haɗa mu tana bin gefen titi ne, mai gyaran hanya ya sa katafila ya tsinke ta, mai haƙa kwalbati ya tsinke ta, ɓarawo ya haƙa yana zaton tagulla ce. Ko sabar na Dublin ko tana Lekki, igiyar da ke zuwa wajen Kawu ɗaya ce, an sai da kare an sayi biri, tsugune ba ta ƙare ba. Mun ma ga abin da ya fi haka, a Satumbar 2021 lokacin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal da anka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 saboda 'yan bindiga, bayan Zamfara ta riga ta yi nata. A wancan lokacin ko da sabar bankin a Gidan Dare cikin garin Sakkwato take mutumin Isa ko Sabon Birni ba shi da hanyar kai wa gare ta, sai ya hau mota ya zo inda akwai sabis, na bakin iyaka kuma su laluɓi layin Nijar.

Sannan tara komi a gari ɗaya shi kanshi haɗari ne. Waɗanda gobarar Babbar Kasuwa ta Janairun 2021 ta shafa sun san wannan, akwai wanda ke da shago biyu yana ganin ya raba ƙafa, ashe duk layi ɗaya suke, wuta ta haɗa ta cinye. Bankin da babbar sabarshi ke tsibirin Legas, madadinta kuma ke Ikeja, bai yi nisa da wanga mutum ba, gari ne na bakin teku da ambaliya ke ziyarta duk damina. Manyan na waje abin da suke sayarwa kenan, kwafi a garuruwa daban-daban har ƙasashe daban-daban. Galaxy Backbone ta gina cibiya a Kano, akwai kuma mahaɗar intanet ta IXPN a can, gwamnati na maganar shimfiɗa faiba kilomita 90,000. Wannan ne ɓangaren da ni nake sa ma ido fiye da duk wani taron ƙaddamarwa a otal ɗin Legas, ranar da zan ji wani babban banki ya ajiye madadinshi a Kano, da hanyar waya biyu da ba su bi titi ɗaya ba, ranar zan yarda an fara dawowa gida.

Na tambayi ƙanena ko su nawa ne a sashensu da za su iya irin wanga ƙaura in an ce a yi. Ya yi shiru ya ce da dai su da yawa, amma tun wajen 2022 ake ta zarewa ɗaya bayan ɗaya, wanda ya koya mashi aiki yana Kanada, wadda ke zama kusa da shi tana Ingila, wani ma yana nan Legas bai je ko'ina ba amma daga ɗakinshi yake ma wani kamfanin Jamus aiki ana biyan shi da kuɗin waje. Kuma su kamfanonin girgijen gida daga wanga ƙaramin tafkin suke kamun nasu injiniyoyin, su horar da yaro shekara biyu ya samu takardar shaida, takardar ce ma ke zame mashi tikiti. Mafi yawan matasan kuma kayan Amazon da Microsoft suke koyo don su ne ake nema a ko'ina.

Kwanan baya ya kira ni da safe, ba lokacin da ya saba kira ba, bayan mun gaisa ya ce Yaya a taya ni da addu'a, jiya na je an ɗauki hoton yatsuna na biza, amma don Allah kada ka gaya ma Inna tukuna sai ta fito.